Haƙoran Ladan

Ni dai karatuna a aji huɗu ya tsaya, a elementare ta Karaye. Ba korata aka yi ba, kamar yadda maƙiya ke yaɗawa. Babana ne ya duba ya ga gyaɗa ta fi malamai buƙatata. Amma aji huɗun wancan zamani ya isa mutum ya yi bincike, kuma na yi. Na binciki abin da ke sa rabin fuskar ɗan Adam ciwo, haƙori da kunci da kunne, alhali ɗaya rabin yana zaune lafiya lau kamar maƙwabcin da ba ruwansa. Ba a littafi na yi binciken ba. A fuskar taubashina na yi shi, ɗan gwaggona, wanda shi ne ladan ƙauyenmu, can gefen Ruwan Bago, tun Rogo tana ƙarƙashin Karaye.

Ladanci gado ne a gidansu. Kakansa ya yi, ubansa ya yi, shi kuma ya karɓa tun gemunsa bai haɗe ba. Lokacin babu lasifika. Matakalar ƙasa ce a jikin masallaci, mutum ya hau, ya toshe kunnuwa da yatsu, ya buɗe baki iya buɗewa. In taubashina ya ja murya, mai noma a fadama yakan jingine fartanya, mai tallar fura ta sauke ƙwarya. Ban da wannan ba shi da komai. Gonarsa ko zakara ya tsaya a tsakiya zai ga iyakarta huɗu. Ba ya ciniki, ba ya hira, ba a neman shawararsa. Nakan ce masa, "Bawana, in aka cire kiran salla daga jikinka, abin da ya rage bai kai a yi masa sallama ba." Shi kuma ya ce, "Kai da aka cire maka aji biyar, me ya rage?" Haka muke. Tsakanin taubasai ba a fushi, kuma ba a ɗaukar magana da nauyi. Wannan na biyun ku riƙe shi, don shi ya cuce mu.

Wata La'asar ce da damina, zamanin farar hula, kafin soja su dawo. Ina zaune a gindin ɗorawa ina gyaran ƙotar gatari, ya fara kira. Ya yi kabbara, ya yi shahada, ya kai inda ake kiran mutane su taho, sai muryar ta yanke kamar an datse igiya. Muka ɗaga kai. Yana tsaye a kan matakala, bakinsa a buɗe, hannunsa na hagu yana shawagi kusa da kunci amma bai taɓa ba. Can ya sauko a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai a ka. Wani dattijo ya hau ya ƙarasa kiran da muryar akuya.

Na same shi a bayan masallaci, hawaye na zuba daga ido ɗaya.

"Ladan, wa ya mutu? In matarka ce ka sani ni ne magaji."

Bai amsa ba sai da abin ya sake shi. Sannan ya ce, ta gefen baki, "Walƙiya ce. Daga nan ta taso," ya nuna muƙamuƙinsa na hagu daga nesa, "ta bi haƙori, ta shige kunne. Kamar an soka mini allurar ɗinkin buhu da aka gasa."

"Yanzu fa?"

"Yanzu babu. Kamar ba a yi ba."

To, ka ji ciwon. Ba ya zama, ba ya kumburi, ba ya zazzaɓi. Ya zo ya sara ya tafi, ya dawo in ya ga dama. Kuma ba ya ƙetare hanci. Dama ba ta taɓa sanin hagu tana wani hali ba. Abin da ke tashinsa ma abin dariya ne in ba a fuskarka yake ba. Tauna goro. Iskar hadari in ta shafi kunci. Asuwaki. Yatsa a kunne lokacin kira. Uwa uba, ruwan alwala in ya sauka a fuska. Da ya lura ruwan sanyi ya fi tsokanarsa, sai matarsa ta riƙa ɗuma masa ruwa a buta. Ni na fara ce masa mai jego, ina tambayarsa yaushe ne suna. Kafin mako ya zagayo yaran gari sun ɗauka.

A ƙauye ciwo ba ya rasa uba. Kowa ya zo da nasa dalilin, kuma kowa da maganinsa a aljihu.

Na farko mai maganin tsutsar haƙori ne da muka tarar a kasuwa. Ya ce tsutsa ce ta yi gida a turmin haƙori, in ta juya sai a ji a kunne. Ya zuba 'ya'yan gautan kura a kan garwashi, ya kifa mazurari, ya ce taubashina ya buɗe baki hayaƙin ya shiga, ga ƙwaryar ruwa a ƙasa. Ba a jima ba sai ga wasu farare sirara suna yawo a ruwan. Jama'a suka yi ta salati. Ni da iliminmu na aji huɗu na leƙa na ce, "Malam, tsutsar nan ko 'yar uwar iri ce? Na ga ba ta motsi." Ya ce hayaƙi ne ya kashe ta. Aka yi dariya, aka ce taubashi ne, ƙyale shi.

Gwaggona, mahaifiyarsa, ta ce kunne ne tushen abin, wani ƙwaro ya shiga yana barci a gona. Ta ɗiga masa man shanu mai ɗumi, ta ɗiga ruwan albasa. Ƙanin babansu ya ce sanyi ne ya taru a ƙashi, aka yi ƙaho a gefen goshi har wurin ya zama kamar bayan kada. Masu tsoron Allah na sahun gaba kuwa ba su faɗi nasu da ƙarfi ba. A hankali suke cewa, ciwon da ba ya tashi sai an taɓa ruwan alwala, ba ya tashi sai an fara kiran salla, ai ba sai an tambayi malami ba. Wani abu ne da ba ya son jin sunan Allah ya mare shi a hagu. Aka yi rubutu ya sha, aka yi turare, aka yanka baƙin zakara da ba shi da laifin kowa.

Ga inda ciwon ya fi mu wayo. Yakan tafi da kansa. Sai ya yi wata da watanni ba labari, taubashina ya koma matakala, murya ta dawo garau. Duk wanda ya taɓa shi daga ƙarshe, shi ne gwani. Mai tsutsa ya ci wannan yabo, mai ƙaho ya ci, zakaran ma da yana raye da ya ci. In ciwon ya dawo kuma, ba a cewa magani ya ƙi. Sai a ce wani sabo ne.

Duk wannan Sarkin Aska yana gefe yana kallo. Shi ne wanzamin gidajenmu, kamar yadda ubansa ya kasance na iyayenmu. Shi ya yi mana askin suna, shi ya cire mana beli, shi ya yi mana kaciya, kuma shi yake aske kan dagaci duk Juma'a. Mutumin da ya riƙe ka kana ɗan kwana bakwai, ba ka ce masa bai san jikinka ba. Ranar da ciwon ya dawo a karo na ban san nawa ba, ya aiko a kira ladan. Na raka shi.

Ya ce ya buɗe baki. Ya ƙwanƙwasa haƙoran da bakin aska ɗaya bayan ɗaya. Da ya iso turmin ƙarshe na ƙasa, walƙiyar ta sauka, taubashina ya daskare.

"Ga ɓarawon," in ji Sarkin Aska.

Na ce, "Baba, fari ne tas. Ko ɗigon baƙi babu."

"Gyaɗa ma daga ciki take ruɓewa, ɗan boko. Kama mini kansa, ko ka koma waje."

Na koma waje. Amma kunne ba ya komawa waje. Na ji ƙarar awartaki, na ji wani ƙas kamar an karya busasshen kara, ban ji muryar ladan ba ko kaɗan. Namiji ba ya kuka a hannun wanzami, tun ranar kaciya aka koya mana. Ya fito da tsumma a baki, haƙorin a tafin hannunsa, da saiwoyinsa, lafiyayye kamar na ɗan maraƙi.

Kuma ciwon ya tafi. Har kaka ta wuce. Sarkin Aska ya riƙa tafiya kamar shi ya gina Dala.

Da bazara ciwon ya dawo. Aka ce ashe maƙwabcin ɓarawon ne, aka cire maƙwabci. Ya lafa, ya dawo. Aka haura sama. Ban ƙidaya ba, don abin da ake ƙidayawa shi ne wanda ake sa ran zai ƙare. Na dai san an kai lokacin da taubashina ba ya tauna komai ta hagu, kuncin ya lotsa, rabin fuskarsa ya girmi ɗaya rabin da shekara ashirin. Duk da haka yana hawa matakala. Ya daina sa yatsa a kunnen hagu. Yakan naɗe fuska da rawani in ana iska. In walƙiyar ta kama shi a tsakiyar kira, sai ya tsaya, gari ya yi shiru yana jira, in ta sake shi ya ɗora daga inda ya tsaya. Mutane har sun saba. Wata tsohuwa ta ce ita ta fi son haka, don tana samun sararin ƙarasa damun fura.

Wata rana na ja shi a keke zuwa wani ɗakin shan magani. Malamin asibitin saurayi ne, ya haska bakin da tocila, ya haska kunnen, ya ce shi dai bai ga ƙurji ba, bai ga ruɓa ba. Ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a je Kano, kuma kafin nan kada a ƙara cire ko ɗaya.

Na kawo wannan magana zauren gwaggona, gaban manya. Na gyara murya, na yi ta da ladabi, ba wasa ko ɗaya a ciki. Na ce a bar haƙoran nan haka, a kai shi birni.

Ƙanin babansu ya yi dariya har da buga cinya. "Ka ji ɗan banza. So yake ya sayar da bawansa a kasuwar Kurmi."

"Kawu, ba wasa nake ba."

"Yaushe ka taɓa cewa wasa kake?"

Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, a tsallake Sarkin Aska a tafi wurin baƙo? Gobe in an yi haihuwa a gidan nan wa za mu kira? Da wane ido?"

Na juya ga mai ciwon. "Kai fa, ba bakinka ba ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Abin da manya suka gani."

Shekara arba'in ina tsokanarsa, ranar da na zo da gaskiya ba ta da wurin zama. Bakin taubashi kamar kuɗin jabu ne, ko na ƙwarai ka ciro daga aljihun nan ba mai karɓa.

Turame sun ƙare, sai Sarkin Aska ya ce saiwar ta gudo gaba. Aka cire fiƙa. Sannan aka shiga na gaba, sama da ƙasa, har zuwa tsakiyar baki, inda ciwon bai taɓa ƙetarewa ba. Nan wanzami ya tsaya, ba don ya gane ba, sai don hagu ta ƙare.

Da dasashi ya warke, taubashina ya hau matakala. Ƙarfin muryar yana nan, har fadama an ji. Amma iska tana zurarewa ta wawulon, haruffa suna fita a tauye, shahada tana fito kamar ta tsuntsu. Yara suka tsaya suna kwaikwayo a bakin rijiya. Ba a yi mako biyu ba liman ya kira shi ɗaki. Ni ba na nan, amma ya ba ni labari. Liman ya ce kiran salla amana ce, harafi in ya canza ma'ana tana iya canzawa, ya ɗan huta har Allah ya kawo sauƙi. Aka ba wani ɗan ƙanwar dagaci riƙo, wanda ya yi karatu a Zariya kuma haƙoransa cike suke kamar zangarniyar masara.

Ku lura da kyau, don nan ne binciken nawa ya fi zurfi. Ciwo ya yi shekaru bai sauke shi daga matakala ba. Magani ne ya sauke shi.

Kuma walƙiyar ta dawo, a dasashin da ba komai a kansa. Wannan karon ba wanda ya hana mu zuwa Kano. Ba sauran abin da za a tsallake.

Muka hau motar gyaɗa zuwa Karaye, muka kama ta birni. A wani babban asibiti muka yi layi har rana ta take, aka tura mu nan, aka tura mu can, daga bisani muka faɗa hannun wani likita mai furfura. Ya yi tambayoyi da yawa. Ciwon yana zama ne ko yana sara ya tafi? Da zazzaɓi? Kunne yana ruwa? Hanci yana toshewa? Muƙamuƙi yana ƙara in an buɗe baki? Haɗiya tana wuya? Ya ce abubuwa da dama kan kawo ciwon gefe ɗaya irin wannan: ruɓaɓɓen haƙori, ko mahaɗar muƙamuƙi da ta gaji, ko ƙurji a kunne, ko majina da ta taru a kogon fuska, wani lokaci ma wani tsiro a maƙogwaro, shi ya sa ba a yanke hukunci sai an duba. Ya duba duka. Sannan ya ɗauki ɗan auduga ya shafi gefen hancin taubashina, shafa ɗaya, sai ga shi ya daskare a kujera.

Likita ya ajiye audugar. Ya ce jijiya ce, wadda take kai ji ga rabin fuska, tana da rassa zuwa muƙamuƙi da kunci da goshi. In ta harzuƙa sai ta riƙa kai labarin ƙarya, mutum ya rantse haƙori ne. Ya ce ya buɗe baki. Ya sake dubawa, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya yi wannan?"

Taubashina ya ce, "Ƙaddara ce, likita."

Na ce, "Ƙaddara mai zabira."

Likitan bai yi dariya ba. Shi kaɗai ne mutumin da ya taɓa jin maganata bai yi dariya ba, kuma ranar wasa nake.

Ya rubuta ƙwayoyi. Da fari suna sa shi jiri da barci, yana tafiya kamar ɗan maye, daga baya jiki ya saba. Walƙiyar ba ta mutu ba, amma ta zama baƙuwa mai zuwa jefi-jefi. Ya koma alwala da ruwan randa. Ya yi ƙiba ta ɓangare ɗaya. Sai ya fara fita bayan gari da hantsi, wai zagaya gona, ashe koyon kira yake da sabon baki. Ya gano in ya karkata harshe dama ya ɗan matse leɓe, iskar ba ta zurarewa sosai. Na laɓe na saurara. Ba kamar da ba ne, amma wallahi ya fi na ɗan Zariya, wanda yake kira kamar ana bin sa bashi.

Ya ce in raka shi zauren dagaci. Muka cire takalma, muka durƙusa. Liman yana dama, Sarkin Aska yana hagu yana wasa aska a tafin hannu.

"Ranka ya daɗe, na samu sauƙi. Na zo ne a kan matakalar ubana."

Dagaci ya ce, "Madalla. Me likitan ya ce?"

Da ya ce sanyi ne, ko iska, da wataƙila an duba. Amma taubashina bai iya ƙarya ba. Ya ce, "Ya ce jijiya ce, ranka ya daɗe. Ya ce haƙoran ba su da laifi."

Askar ta daina motsi. Wanzami ba ya son jarfa, kowa ya sani, balle a gaban mutumin da zai miƙa masa wuya ranar Juma'a.

Sarkin Aska ya ce, "Ranka ya daɗe, da ban cire saiwar ba, ƙwayar Bature za ta samu wurin shiga?"

Dagaci ya gyaɗa kai. Liman ya yi gyaran murya ya ce, Allah ya ƙara sauƙi, amma mutumin da yake shan abin da ke sa barci, yaya za a ɗora masa Asuba? Kuma yaron nan ya riga ya saba, jama'a sun saba da shi, cire shi yanzu zai zama kamar an ce ya yi laifi.

Na ce, "Allah gafarta Malam, a bar shi ya hau sau ɗaya mana, jama'a su ji. In bai yi ba a sauke shi."

Dagaci ya yi murmushi. "Taubashi ke nan. So kake a taru a yi masa dariya ka ji daɗi." Aka yi 'yar dariya, aka shafa fatiha. Suka ce in yana so, ya riƙa kula da butoci da tabarmi, shi ma lada ne.

Bai karɓi butocin ba. Ya koma sahun baya, kusa da ƙofa. Ba a jima ba wani ɗan siyasa ya kawo lasifika da batir, sabon ladan ya daina hawa ko'ina, yana tsaye a inuwa yana magana kamar mai raɗa, ƙarfe yana yi masa ihu. Matakalar ta zaizaye da ruwan sama, awaki suka mai da ita wurin hutu. Sarkin Aska ya rayu har ya ga jikokin jikoki, ya mutu da haƙoransa cif, an ce ranar da zai cika ma ya ci ƙilishi.

Taubashina ya yi shekaru bayan haka. Kullum in lokaci ya kusa, yakan riga lasifikar sani. Za ka ga ya dubi inuwar katanga ya miƙe. In kira ya fara, leɓɓansa suna bi, ba sauti. Wata La'asar muna zaune a ƙofar gidansa muna ɓarar gyaɗa, batir ya mutu a tsakiyar kira, ɗan Zariya yana ciki yana ta bugun ƙarfe. Gari ya yi shiru. Na dube shi, shi kuma yana duban gyaɗa.

Na ce, "Bawana, tashi ka ƙarasa musu."

"Ba a sa ni ba."

"To yi mini ni kaɗai. Ni ne ubangidanka, na sa ka."

Ya ɓare ƙwaya ɗaya, ya kai ta dama, ya tauna a hankali har ta ƙare.

"Ba a kiran mutum ɗaya salla," in ji shi. "Wannan kafaɗarsa ake taɓawa."

Ya taɓa kafaɗata, ya ɗauki buta.